Gwajin dacewa kafin dashen ƙoda: yadda ake yinsa mataki-mataki, da yadda hanyoyin suka sauya

Da zarar likita ya ce majinyaci na bukatar dashen ƙoda, abin da dangi ke fara tambaya shi ne wane ne a cikinsu jininsa ya zo ɗaya da nasa. A ɗakin gwaji wannan tambaya ta kasu uku. Rukunin jinin mai bayarwa zai zauna da na mai karɓa? Alamomin da ke jikin ƙwayoyin halittarsu, waɗanda ake kira HLA, sun yi kama har zuwa ina? Sannan, shin jikin majinyacin ya riga ya tanadi wani makami a kan wannan mutumin da zai ba shi? Jama'a sun fi riƙe ta biyu, shi ya sa za ka ji ana murnar an samu "shida cikin shida", wato alamomin HLA shida da aka kwatanta duk sun zo ɗaya. Amma aikin shekara sittin ya nuna cewa ta ukun ce ke kashe ƙoda tun majinyaci bai bar ɗakin tiyata ba, kuma a kanta ya kamata a fi kashe kuɗi da lokaci.

A Nijeriya, tun dashen farko a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, da wanda ya biyo baya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, daga masu rai ake samun ƙodar. Wannan yana nufin akwai sararin yin kowane gwaji a natse, don haka tsarin da ke ƙasa na mai bayarwa mai rai ne.

Tarihin majinyaci, kafin a ɗebi jini

Jiki ba ya ƙera antibodi, wato furotin ɗin yaƙi na garkuwar jiki, a kan HLA ɗin wani sai ya taɓa haɗuwa da shi. Manyan hanyoyin haɗuwar uku ne: ƙarin jini, ɗaukar ciki, da dashen da aka taɓa yi. A rubuta leda nawa aka ƙara masa, yaushe ne na ƙarshe, kuma wa ya ba da jinin. Idan mace ce, a ƙirga kowane ciki har da ɓari, kuma a tambayi ko daga miji ɗaya ne. Wannan ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda mace mai haihuwa bakwai ko takwas ba baƙon abu ba ce, kuma inda tsadar allurar ƙarin jini ta EPO ke sa a yi ta ƙara wa masu wankin ƙoda jini.

Kuskuren da ya fi ciwo a nan shi ne ɗan'uwan da ake sa ran zai ba da ƙoda ya zama shi ne ke ba da jini duk lokacin da majinyaci ya galabaita. Da niyyar alheri yake yi, amma yana koya wa jikin ɗan'uwansa ya gane alamominsa ne, ya yi musu tanadi. Duk wanda ake tunanin zai ba da ƙoda, a cire shi daga masu ba da jini, shi da 'ya'yansa da iyayensa idan da hali. In ƙarin jini ya zama dole, a nemi wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa.

A rubuta magunguna ma. Rituximab, ATG da IVIG, magungunan da ke danne ko daidaita garkuwar jiki, duk suna gurɓata gwajin gauraya, wato haɗa ƙwayoyin mai bayarwa da ruwan jinin mai karɓa a ga ko za su yi faɗa, kuma na farkon yana iya yin watanni yana yin haka.

Rukunin jini

Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin A, B da O a Biyana a 1901. Alamomin rukunin jini ba a jajayen ƙwayoyin jini kaɗai suke ba, suna shimfiɗe a bangon cikin jijiyoyin ƙodar ma, kuma mutum yana da antibodi a kan rukunin da ba nasa ba tun yana yaro, ba tare da an taɓa ƙara masa jini ba. Dokar iri ɗaya ce da ta ƙarin jini: mai O yana ba kowa, amma daga O kaɗai yake karɓa, mai AB yana karɓa daga kowa, mai A daga A ko O, mai B daga B ko O. Alamar Rh, wato fozitif ko negetif, ba ta hana dashen ƙoda.

A yi gwajin sau biyu, da jinin da aka ɗiba a lokuta biyu daban. Gwajin kansa da wuya ya yi ƙarya. Musayar kwalba da kuskuren rubuta suna su ne ke jawo masifa. Kada a dogara da katin da mutum ya zo da shi daga wani wuri.

HLA: abin da ake karantawa

HLA kamar tsagar gado ce a fuska: kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da ita, masu gadin jiki kuma da ita suke bambanta ɗan gida da baƙo. Bayanan da ke ƙera ta suna kan gajeren hannun kuromosom na 6. Aji na ɗaya, wato A, B da C, yana kan kusan duk ƙwayar da ke da cibiya. Aji na biyu, DR, DQ da DP, yana kan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B da wasu ƙwayoyin garkuwa, kuma bangon jijiyoyi kan fito da shi sosai idan ya kumbura.

Mutum yana gadon waɗannan alamomi a dunƙule, ƙunshi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Saboda haka shaƙiƙai biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suna da damar kashi 25 cikin 100 su zo iri ɗaya sak, kashi 50 su yi tarayya a rabi, kashi 25 su rasa tarayya gaba ɗaya. Uwa ko uba da ɗansu kullum rabi ne. 'Yan uba kuwa, ko dai rabi ko babu, kowanne da damar kashi 50. A gida mai mata da yawa, shaƙiƙai ake fara gwadawa. Inda aka yi auren zumunci lissafin kan canza, domin miji da mata na iya ɗauke da ƙunshi ɗaya daga kaka guda, har ɗa ya gaji iri ɗaya daga ɓangarorin biyu.

Wani abu da ya wajaba a faɗa wa iyali tun kafin ɗibar jini: wannan gwaji yana iya nuna cewa dangantakar da aka ɗauka ta jini ba haka take ba. Asibiti ya tsara tun farko abin da zai bayyana da wanda zai bayyana wa, kuma sakamakon mai bayarwa sirrinsa ne.

Tushen ilimin daga ɓeraye ya fara, da aikin Peter Gorer a Landan a shekarun 1930 da na George Snell a Amurka. Lokacin da Joseph Murray ya yi dashen ƙodar farko da ya ɗore, a Boston ranar 23 ga Disamba 1954, babu gwajin HLA sam. Tagwaye ne, Ronald da Richard Herrick, kuma don a tabbatar tagwayen ƙwai ɗaya ne sai aka duba zanen yatsunsu, aka kuma dasa wa mai karɓar ɗan yankin fatar ɗan'uwansa a ga ko za ta zauna. A 1958 Jean Dausset a Faris ya bayyana alamar farko a ɗan Adam, ya kira ta MAC, wadda yau ake kira HLA-A2. Jon van Rood a Leiden da Rose Payne a Amurka suka gano cewa jinin matan da suka haihu da yawa yana ɗauke da antibodi a kan alamomin mazajensu. Shekaru masu yawa da ruwan jinin irin waɗannan mata aka riƙa karanta HLA ɗin duniya.

A 1964 Paul Terasaki da John McClelland suka ƙanƙantar da gwajin zuwa maikurolita ɗaya a kowane rami na ɗan farantin roba mai ramuka 60, daga baya 72. Kowane rami na ɗauke da ruwan jini mai sanannen antibodi. A zuba ƙwayoyin mutum, ramin da suka mutu ya nuna alamar da yake da ita. Aji na biyu ya fi wuya. Da farko sai an haɗa limfosait, wato fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, na mutum biyu an raine su kwana biyar zuwa shida a ga ko za su yi faɗa, abin da ba zai yiwu da ƙodar mamaci ba. Sai a 1977 aka daidaita karanta DR da ruwan jini, kuma a 1978 Alan Ting da Peter Morris a Oxford suka nuna cewa dacewar DR tana da tasiri babba a rayuwar ƙoda.

Raunin wannan hanya shi ne tana bukatar ƙwayoyi masu rai, alamomi masu kama suna ruɗa ta, kuma yawancin ruwan jinin gwajin daga Turawa aka tara shi, don haka alamomin da suka fi yawa a baƙar fata sukan fito a matsayin gurbi mara komai. Da PCR, hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji, ta zo, Gerhard Opelz na Heidelberg ya sake duba samfura ta hanyar DNA, ya wallafa a 1991 cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sakamakon DR na tsohuwar hanya bai yi daidai ba.

Yau hanyoyin DNA ake bi. PCR-SSP, wadda Olerup da Zetterquist suka bayyana a 1992, tana ba da amsa cikin awa biyu zuwa uku, kuma ta dace da mutum ɗaya ko biyu. PCR-SSO ta fi dacewa da samfura masu yawa a lokaci guda. Karanta jerin DNA kai tsaye, musamman ta sabuwar hanyar da ake kira NGS, shi ke ba da cikakken suna, amma yana cin kwanaki. Tun 2010 ake rubuta sunan kamar haka: HLA-A*02:01. Lambar farko iyali ce, ta biyu ainihin furotin ɗin. Nau'o'in da aka yi wa rajista sun haura 35,000.

Ga abin da za a nema a takardar gwaji: A, B, C, DRB1, DRB3/4/5, DQA1, DQB1, kuma DPB1 idan majinyacin yana da antibodi. Tsohon tsarin A, B da DR kaɗai bai isa ba, domin mafi yawan sababbin antibodi da ke tasowa bayan dashe a kan DQ suke. Idan sakamako ya nuna alama ɗaya tak a wani gurbi, a tabbatar da wata hanya ko da gwajin iyaye, domin wataƙila akwai ta biyu da na'urar ba ta kama ba.

Ƙirga saɓani kuma daga ɓangaren mai bayarwa ake yi: alamomi nawa yake da su waɗanda mai karɓa ba shi da su. Misali majinyaci yana da A2, A30, B42, B53, DR11, DR15. Ɗan'uwansa yana da A2, A23, B7, B53, DR13, DR15. Baƙin alamomi su ne A23, B7 da DR13, sai a rubuta 1-1-1. Da a ce ɗan'uwan A2 ne sau biyu, saɓanin A sifili ne, duk da cewa sakamakon biyu ba iri ɗaya ba ne a ido.

Kada yawan saɓani ya sa a kori mai bayarwa lafiyayye. Tun zuwan magungunan hana jiki ƙin dashe, cyclosporine a farkon shekarun 1980 da tacrolimus bayansa, tasirin saɓani ya ragu. Terasaki ya wallafa a 1995 cewa ƙodar da aka samu daga miji ko mata, duk da rashin dacewar HLA, kashi 85 cikin 100 na aiki bayan shekara uku, ta iyaye kashi 82, ta mamata kashi 70. Amma a cikin wannan binciken akwai gargaɗi: daga miji zuwa matar da ba ta taɓa ciki ba kashi 87 ne, zuwa wadda ta taɓa ciki kuwa kashi 76. Shaƙiƙi mai dacewa sak har yanzu shi ne mafi alheri, ƙodarsa ta fi daɗewa kuma da ƙarancin magani.

Neman antibodi a jinin majinyaci

A 1966 Kissmeyer-Nielsen a Aarhus ta ƙasar Denmak ya bayyana ƙodojin da suka mutu nan take saboda antibodi da ke jiran su. Abin da likitan tiyata ke gani shi ne ƙodar ta yi ja da kyau da aka saki jini, cikin mintuna ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi laushi, fitsari ya tsaya. Antibodi sun manne a bangon jijiyoyi, sun tayar da kwamfiliment, wato furotin ɗin jini da ke fasa ƙwayar da antibodi ya kama, jini ya daskare a ciki. Ba ta da magani sai cirewa.

Tsohuwar hanyar awon haɗari ita ce PRA: a gwada ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyin mutane talatin zuwa sittin, a faɗi kashi nawa ya kashe. Lambar takan canza in an canza mutanen, kuma ba ta faɗin takamaiman alamar. Gwajin ELISA ya zo a tsakiyar shekarun 1990, sannan a 2003 aka bayyana 'yan ƙwallaye masu alama ɗaya-ɗaya, waɗanda ake karantawa da na'urar Luminex. Ƙwallaye kusan 100 ne a kowane aji, kowanne da launinsa da furotin HLA guda a jikinsa. Ana haɗa su da ruwan jini minti 30, a wanke, a ƙara wani antibodi mai ƙyalli da ke kama IgG na ɗan Adam, wato nau'in antibodin da ake nema, a sake minti 30, na'ura ta karanta. Hasken kowane ƙwallo shi ne lambar MFI.

Daga nan sai a ɗora jerin antibodin majinyaci a kan HLA ɗin mai bayarwa. Duk wanda ya faɗa kan alamar mai bayarwa shi ake kira DSA, kuma wannan kwatancen na takarda shi ne gwajin gauraya na lissafi. Lambar cPRA kuma tana faɗin kashi nawa na al'umma ne majinyacin ba zai iya karɓa daga gare su ba. Amurka ta koma amfani da ita a 2009.

A nan ne ake yawan ruɗewa, domin MFI ba ma'aunin yawan antibodi ba ne kai tsaye. Kowane ɗakin gwaji yana da iyakarsa, galibi tsakanin 500 da 1,500, kuma samfuri ɗaya kan ba da lambobi daban a wurare biyu. Kurakuran da aka sani su ne waɗannan. Antibodi mai tsananin ƙarfi yana iya fitowa da ƙaramar lamba, saboda kwamfiliment ɗin cikin ruwan jinin ya taru a kan ƙwallon ya tare wa mai ƙyallin hanya. Maganinsa a sa sinadarin EDTA a kowane samfuri, ko a dumama shi a digiri 56, ko a tsarma shi a sake gwadawa. Idan lamba ta hau bayan tsarmawa, to abin da ya faru ke nan. Wani lokaci kuma furotin ɗin jikin ƙwallon ya lalace wajen ƙerawa, ya buɗe wani sashe da ba ya bayyana a ƙwayar mai rai, sai namijin da ba a taɓa ƙara wa jini ba ya fito da antibodin ƙarya. Haka nan antibodi ɗaya da ke kama wani sashe da alamomi da yawa suka yi tarayya a kai, irin Bw4 ko Bw6, yakan rarrabu a kan ƙwallaye masu yawa, kowanne ya nuna lamba ƙasa da iyaka alhali haɗarin na gaske ne. Dole mai karatu ya dubi fasalin jerin gaba ɗaya. Sannan ba kowane nau'in HLA ne ke da ƙwallo ba. Idan nau'in mai bayarwa ba ya cikin kwalin, rashin ganin DSA ba ya wanke shi, kuma wannan ya fi faruwa da 'yan Afirka.

Antibodi yana iya ɓacewa daga jini amma ƙwayoyin da suka haddace shi suna nan. Macen da ta haihu shekara ashirin da suka wuce tana iya fitowa tsaf a yau, a dasa mata ƙodar mijinta ko ɗanta, antibodin ya taso cikin mako ɗaya ko biyu. Don haka ana ajiye tsofaffin samfura a daskare, ana duba wanda ya fi kowanne ƙarfi a tarihi. Mai jiran dashe a gwada shi duk wata uku, a kuma sake mako biyu zuwa huɗu bayan kowane ƙarin jini.

Gwajin gauraya

Shi ne ma'aikata ke kira kurosmach: ƙwayoyin mai bayarwa na gaske da ruwan jinin mai karɓa na gaske. Ramon Patel da Terasaki ne suka mayar da shi wajibi a 1969. Cikin dashe 30 da gwajin ya nuna faɗa, ƙodoji 24 sun mutu nan take. Cikin 195 da bai nuna ba, 8 ne kawai.

Hanyar CDC ta gargajiya, wadda ke duba ko kwamfiliment zai kashe ƙwayoyin mai bayarwa, ga yadda take. A shimfiɗa jinin mai bayarwa a kan ruwan Ficoll mai nauyin 1.077, a juya a na'ura kimanin minti 30 ba tare da birki ba, a tsotse farin layin tsakiya. A raba ƙwayoyin T da B, nau'o'in limfosait biyu, da ƙwallayen maganaɗisu, a daidaita su zuwa miliyan 2 a mililita, a tabbatar aƙalla kashi 80 cikin 100 suna da rai. A sa ɗigon mai a kowane rami don kada ruwan ya bushe, a zuba maikurolita 1 na ruwan jini da maikurolita 1 na ƙwayoyi, a bari minti 30 a digiri 20 zuwa 25. A ƙara maikurolita 5 na kwamfiliment ɗin zomo, a bari minti 60. A sa rini, a duba a madubin likita. Da rini mai ƙyalli, masu rai kore ne, matattu ja. Maki 1 na nufin matattu ba su wuce kashi 10 ba. 2 daga 11 zuwa 20. 4 daga 21 zuwa 50. 6 daga 51 zuwa 80. 8 sama da haka.

Kowane faranti ya zama yana da ramin shaida guda biyu: ɗaya da ruwan jinin namiji mai rukunin AB da ba a taɓa ƙara wa jini ba, wanda bai kamata ya kashe komai ba, ɗaya da antibodin da aka san zai kashe duka. Idan na biyun bai kashe ba, kwamfiliment ɗin ya mutu, kuma duk "negetif" ɗin farantin ƙarya ne. Wannan haɗari ne na zahiri inda wuta ke ɗaukewa, domin kwamfiliment yana son sanyin digiri 70 ƙasa da sifili kuma ba ya jure narkewa a sake daskarar da shi. Ɗaki mai zafin bazara kuma yana kashe ƙwayoyin da kansa, ya ba da fozitif na ƙarya.

A yi kowane gwaji da DTT da kuma babu shi. DTT sinadari ne da ke karya IgM, wani nau'in antibodi daban da IgG. Faɗan da ya ɓace bayan sa shi galibi ba mai cutarwa ba ne. A kuma gauraya ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyinsa na kansa, musamman mai cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, don a gane antibodin da ke kama kowa har mai shi.

CDC ba ta ganin antibodi mai rauni ko wanda ba ya tayar da kwamfiliment. An ƙara mata ƙarfi da AHG, wani antibodi mai kama antibodin ɗan Adam, a shekarun 1970, sannan Marvin Garovoy ya kawo gwajin gauraya na na'urar fulo, mai auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, a 1983. A nan ba a jiran ƙwaya ta mutu. Ana auna IgG ɗin da ya manne mata, ana bambanta T da alamar CD3, B da CD19, a kwatanta haskensu da na ramin shaida. Ta fi CDC gani nesa ba kusa ba, amma ƙwayoyin B sukan kama IgG barkatai, shi ya sa ake wanke su da sinadarin pronase, wanda kuma yake rage ruɗanin rituximab.

Wajen fassara, ƙwayoyin T aji na ɗaya kawai suke ɗauka, B kuma duka biyun. T da B duka fozitif yana nuna antibodin aji na ɗaya. B kaɗai yana iya zama aji na biyu, ko aji na ɗaya mai rauni, ko rituximab, ko antibodin kai. T kaɗai ba tare da B ba bai cika yin ma'ana ba, a sake gwajin. CDC fozitif a kan T tare da DSA na IgG: ba a dashe. CDC negetif, fulo fozitif, ga DSA: haɗari babba, sai da shiri na musamman. DSA a ƙwallaye kaɗai: haɗari matsakaici, a ƙarfafa magani da sa ido. Fulo fozitif ba DSA: a nemi dalili a magunguna, a antibodin kai, ko a gurbin da ba a karanta ba kamar DP ko DQA1. Gwajin ƙarshe a yi shi cikin makon tiyata da sabon jini, kuma in an ƙara jini bayansa ya tashi aiki.

Kwalabe da jigila

Da yawan samfura ana aika su wani gari ko wata ƙasa, kuma a hanya suke lalacewa. Na DNA a kwalba mai murfi shunayya ta EDTA, mililita 3 zuwa 5; kada a sa a ta heparin domin yana hana PCR aiki. Na antibodi a kwalba mai jan murfi, mililita 5 zuwa 10, a raba ruwan a daskarar in zai daɗe. Na ƙwayoyin mai bayarwa a kwalbar ACD mai murfi rawaya ko ta heparin mai kore, mililita 20 zuwa 40, kuma wannan ba a sa shi a firji ko kan ƙanƙara, ba a kuma barinsa a mota cikin rana. Ya isa cikin awa 24, in ya yi nisa 48. A rubuta suna da kwanan wata a gaban mutumin, kuma kada a ɗebi na mai bayarwa da na mai karɓa a tire ɗaya, domin 'yan gida ɗaya sunan mahaifinsu ɗaya ne.

Idan ba su dace ba

Mafi sauƙi kuma mafi aminci shi ne a gwada wani ɗan'uwan. Bayansa sai musayar masu bayarwa tsakanin iyalai biyu, dabarar da Felix Rapaport ya kawo a 1986, Koriya ta Kudu ta fara aiwatarwa a 1991. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki a Nijeriya, don haka duk mai bayarwa da ba dangi ba sai an tantance shi sosai.

Ana iya tsallake saɓanin rukunin jini, kamar yadda Guy Alexandre ya nuna a Beljiyam a shekarun 1980 kuma Japan ta mayar da shi aikin yau da kullum: a ba da rituximab, a yi ta tace ruwan jini har ƙarfin antibodin ya sauka zuwa 1:8 ko 1:16. Rage antibodin HLA ya fi wuya. Tacewa da IVIG suna saukar da shi na ɗan lokaci, amma yakan dawo, kuma bai kamata a fara ba a inda babu Luminex a kusa da mai karanta naman ƙoda.

Sauran gaɓoɓi kowacce da hukuncinta. Hanta tana jure antibodi fiye da ƙoda, ba a kuma zaɓar mai bayarwa da HLA. Zuciya da huhu ba sa wuce awa huɗu zuwa shida a waje, don haka da gauraya ta lissafi ake yanke shawara. Dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu sikila, shi ya fi kowanne tsanani: ana son dacewar cikakken suna a A, B, C, DRB1 da DQB1, goma cikin goma, domin a can sabon ɓargon ma yana iya yaƙar jikin mai karɓa.

Bayan dashe

Gwaji bai ƙare da tiyata ba. Wanda ya shiga da DSA, a sake auna shi cikin makon farko zuwa na biyu, sannan a wata ɗaya da wata uku. Wanda ba shi da shi, aƙalla sau ɗaya tsakanin wata uku da shekara, da duk lokacin da kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, ya hau, ko furotin ya bayyana a fitsari, ko aka rage magani. Babban abin da ke haifar da sabon DSA shi ne tsallake shan tacrolimus, sau da yawa saboda kuɗi sun yanke, don haka a yi lissafin kuɗin maganin shekaru tun kafin a sa ranar tiyata. Sabon DSA shi kaɗai ba hujjar cewa jiki ya ƙi ƙodar ba ne. Sai an ciri ɗan nama da allura, an duba kumburin ƙananan jijiyoyi da tabon C4d, wato sawun kwamfiliment, bisa ma'aunin Banff da masu karanta naman ƙoda ke bi. A ba majinyaci kwafin sakamakon HLA ɗinsa da na mai ba shi ya adana, domin kowane gwajin DSA na gaba da su za a kwatanta, kuma in wata rana aka bukaci dashe na biyu, baƙin alamomin ƙodar farko ne za a fara dubawa a guje musu.